LADAN MALAMIN TURANCI: ALBASHI KO GODIYA?

Ya ku 'yan makaranta, na Gwamnati da na Mishan, akwai wata gardama wadda ta kan tashi tsakanin yara in an tashi daga karatu, ta kan kuma tashi tsakanin malamai in sun zauna shan iska da maraice. Ga ta: malamin da a ke biyansa albashi ƙarshen kowane wata, shin yana da sauran wani hakki bisa yaron da ya koya wa karatu, ko kuwa ciniki ya ƙare? Waɗansu su kan ce, ai wanda ya sayi goro ya biya ba ya bin mai goro da godiya har gida. Waɗansu kuwa su ce a'a, karatu ba goro ba ne. Ina so mu zauna mu auna maganan nan a hankali, gama yaron da ya kuskure amsarta ya kan girma butulu, malamin da ya kuskure ta kuwa ya kan tsufa da baƙin ciki. Zan yi misali da malamin Turanci, don shi ne aikin da na ke yi, kuma don babu wani darasi da ya kai shi gwada haƙurin mai koyo da mai koyarwa.

Kafin mu yanke hukunci, bari mu fara duba aikin kansa. Yaro ya kan zo aji da harshensa wanda ya riga ya saba da Hausa tun yana goye. A Hausa babu abin da ya raba harafin p da f, saboda haka in malam ya ce pan, yaro ya ce fan, in malam ya ce pull, yaro ya ce full, alhali kuwa ma'anarsu ta yi nesa da juna. In an zo ga th, sai harshe ya ƙi fitowa tsakanin haƙora, think ta koma sink, mai tunani ya zama mai nutsewa. Bahaushe kuma bai saba fara kalma da baƙaƙe biyu a jere ba, sai ya soka wasali a tsakani, shi ya sa school ta kan zama sukul, ta haka ne ma muka sami burodi. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, sabo ne, sabo kuwa turken wawa ne, ba a tumɓuke shi a rana ɗaya. Malam zai tsaya gaban yaro ya nuna masa yadda a ke haɗa leɓɓa, ya sa shi ya riƙe 'yar takarda gaban baki ya ga ko iska za ta kaɗa ta, ya maimaita yau, ya maimaita gobe, har wata ya mutu wani ya tsaya.

Bayan furuci ga rubutu. Turanci haruffa 26 gare shi, amma sautinsa ya kai wajen 44, don haka harafi ɗaya ya kan ɗauki kayan uku. Ku dubi though da through da cough da enough. Dukansu da haruffa huɗu iri ɗaya su ke ƙarewa, amma babu biyu daga cikinsu da a ke faɗi daidai. A rubuta knife da k, a ce kada ka faɗe ta. A koya maka yau cewa in abu ya wuce a kan ƙara ed, gobe ka ce goed, a ce maka a'a, went a ke cewa. Mu a Hausa kujera ita ce, tebur kuwa shi ne, Bature ya haɗa su duk ya ce it. Mu kan ce kai ga namiji, ke ga mace, ku ga jama'a, shi kuwa da you kaɗai ya ke sallamar kowa. Ga kuma 'yan ƙananan kalmomin nan, a da the, waɗanda har dattijon da ya yi shekara talatin yana aikin ofis ya kan yi tuntuɓe da su.

Wanda ya fi waɗannan duka wuya shi ne kunya. Lissafi a kan yi kuskurensa a ɓoye, cikin littafi, daga kai sai malam. Kuskuren harshe kuwa a bainar jama'a a ke yinsa, ka buɗe baki, aji duk su fashe da dariya. Yaro da yawa sun san amsa, amma tsoron dariyan nan ya kulle musu baki. To, malamin kirki sai ya yi yaƙi biyu, ya hana masu dariya, ya kuma lallashi mai kunya har ya yarda ya sāke gwadawa. In an tashi kuma aiki bai ƙare ba. A ce malam yana da aji 3, kowane aji yara 40, kowane yaro ya rubuta insha'i ɗaya a mako. Littafi 120 ke nan. In ya ba kowane littafi minti 5 kurum, ya zama sa'a 10, yawancinsu kuwa da dare a ke yinsu, sa'ad da ku ke barci.

To, yanzu mu koma ga masu cewa an biya shi. Gaskiya ne an biya shi, kuma bai kamata a ji kunyar faɗin haka ba, don malam ma yana da iyali, ba kuwa da godiya a ke auno dawa a kasuwa ba. Hukumar da ta tauye albashin malami, ta ce ya dangana ladansa yana gaba, ta zalunce shi. Amma ku tambayi kanku, mene ne albashin nan ya saya? Ya sayi zuwansa kan lokaci, da tsayuwarsa gaban allo daga ƙararrawa zuwa ƙararrawa, da cika rajista. Ku ɗauki malamai biyu masu albashi ɗaya, ko anini wani bai fi wani ba. Na fari ya cika allo da rubutu, ya ce ku kwafa, ya zauna yana jiran ƙararrawa. Na biyu ya lura akwai wani yaro can baya wanda bai buɗe baki ba mako biyu, ya kira shi bayan an tashi, ya zauna da shi gindin bishiya har ya iya karanta layi uku ba gargada. Ran biya duk abu ɗaya za a ƙirga musu. Ashe abin da na biyun nan ya ƙara ba ya cikin ciniki, kyauta ce ya yi daga zuciyarsa. Hausawa kuwa sun ce yaba kyauta tukwici.

Kakanninmu sun gane wannan tun kafin zuwan boko. A makarantar allo yara su kan kai wa malam kuɗin Laraba, in yaro ya yi sauka kuma iyaye su yi wa malam alheri gwargwadon ƙarfinsu. Duk da haka ba a taɓa jin wanda ya ce kuɗin Laraban nan su ne farashin karatu ba. Mutum ya kan yi furfura, ya zama attajiri ko alƙali, in ya hangi malamin da ya fara ɗora masa baƙi sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Abin da ya rikita mu a makarantar boko shi ne, ba hannun yaro ke miƙa kuɗin ba, daga baitulmali su ke fitowa, sai yaro ya ɗauka tsakaninsa da malam babu kome sai abin da ke tsakanin fasinja da direba. Nan ne kuskuren ya ke. Direba ya kai ka inda za ka, ka sauka kana yadda ka ke. Malami kuwa in ya sauke ka, kai kanka ka sāke, har abada ba ka iya komawa mutumin da bai iya karatu ba.

Wani yaro mai wayo zai ce, to malam, in aka haɗa ni da malalacin malami fa, ko mai zafin hannu, shi ma sai in gode masa? Tambaya ce mai kyau. Girmamawa dabam, godiya dabam. Girmamawa hakkin kowane malami ne saboda matsayinsa da shekarunsa. Godiya kuwa gwargwadon alheri a ke yinta, ba a kuma ce ka yi ƙarya ka yabi abin da ba a yi ba. Sai dai ku yi hattara wajen awo, gama ma'aunin yaro ya kan yi ƙarya. Sau da yawa malamin da yara su ka fi so shi ne mai ba da labari, mai yawan ba da maki, wanda ba ya sa aikin gida. Wanda su ke gudu kuwa shi ne mai cika littafi da jar tawada, mai cewa sāke rubutawa. Ran da aka zauna jarrabawar fita, inda ba sani ba sabo, ran nan a kan san wanda ya yi maka gata. Kun san dai a Nijeriya wanda bai ci Turanci ba ƙofar jami'a a rufe ta ke gare shi, ko da ya iya lissafi kamar me. Jar tawadan nan da ta ɓata maka rai, wani ne ya hana idonsa barci ya zuba ta.

Wannan ke nan game da yara. Yanzu sai in juya ga 'yan'uwana malamai, ku kuwa yara ku saurara, don waɗansunku gobe su ne masu riƙe alli. In godiya wajibi ce a kan yaro, shin ya halatta malami ya neme ta? Ni a ganina bai kamata ba. Godiyar da aka roƙa ta tashi daga godiya ta zama haraji, kowa kuwa ya san da irin fuskar da a ke biyan haraji. Malamin da ya ke bin tsofaffin yaransa da gori, yana cewa ba don ni ba da kana can kana kiwon awaki, ya ɗauki kyautarsa ya mai da ita bashi, wanda a ke bi bashi kuwa sauya hanya ya kan yi in ya hango mai binsa. Akwai kuma wani haɗari wanda ya fi wannan. Malamin da ke jin yunwar yabo, ba ya daɗewa sai ya fara karkata ga yaran da su ka iya daɗin baki, ya manta da mai shiru na baya, wanda shi ne ya fi bukatarsa. Daga nan yara su gane lagonsa, su koyi fadanci maimakon nahawu. Kaza ko ƙwaryar ƙwai da ta zo gidan malam ana saura kwana uku jarrabawa, kowa ya san sunanta, ba kuwa godiya ne sunan ba.

Har wa yau, ya kamata malami ya san irin itacen da ya shuka. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ba shi da ma'aunin da zai auna abin da a ke ba shi, kamar yadda jariri bai san darajar nono ba. Sai ya girma, ya shiga duniya, sa'an nan ya waiwaya, watakila a lokacin malamin ya yi nisa ko ya riga mu gidan gaskiya. Aikin malami inuwar giginya ne, na nesa ka sha. Ku dubi tarihin ƙasarmu. A 1909 Baturen nan da a ke kira Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. A Zariya kuwa Likita Mila ya kafa tasa ta Mishan, wadda ta koma Wusasa, garin da ya fitar da Dokta Barau Dikko, ɗan Arewa na fari da ya zama likita. A 1921 aka kafa Kwalejin Katsina don horar da malamai, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yanzu. Kwalejin nan ta yi suna ƙwarai wajen tsabtar furucin Turanci. Cikinta Ahmadu Bello ya gama a 1931, ya tafi koyarwa a Midil ta Sakkwato. Abubakar Imam ya gama a 1932, ya koyar da Turanci a Midil ta Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933, ya koma Midil ta Bauchi. Ran 7 ga Oktoba 1960, da aka karɓi Nijeriya cikin Majalisar Ɗinkin Duniya, Tafawa Ɓalewa ya miƙe a birnin Niyok ya yi jawabi da Turanci gaban wakilan ƙasashe, da muryan nan tasa wadda a ke yi wa kirari da muryar zinariya. To, a cikinku mutum nawa za su iya faɗin sunan malamin da ya fara kama hannunsa ya nuna masa harafin A? Duniya ta sha inuwa, mai shuka kuwa ba a tambayi sunansa ba. Wanda ya shiga aikin nan don a san shi, ya ɓata hanya tun daga ƙofar gari.

In haka ne, ina ladan ya ke? Akwai shi, yana kuwa da yawa, sai dai ba a hannun kowa ya ke ba balle a hana shi. Na farinsa shi ne ganin sa'ar da fahimta ta sauka a fuskar yaro. Kowane malamin harshe ya san sa'an nan. Yaro ya yi wata da watanni yana haɗa baƙi da wasali kamar mai tsintar tsakuwa, ran nan kwaram sai ya karanta jimla, ya yi dariya tun malam bai fassara ba, don ya ji abin dariyar da kansa. Babu misalin wannan da ya fi na wata yarinya a Amurka mai suna Helen Kela. Tana da wata 19 a duniya ciwo ya ɗauke mata gani da ji, ta tashi ba ta san abubuwa suna da suna ba. A watan Maris 1887 aka kawo mata malama, An Suliban, wadda ita ma ba ta da ƙarfin ido. Malaman nan ta riƙa rubuta mata haruffan Turanci da yatsa a tafin hannu, yarinya tana kwaikwayo ba tare da ta san abin da a ke nufi ba. Bayan wata guda, suna bakin famfo, ruwa na zuba a hannunta ɗaya, malama na rubuta sunan ruwa a ɗayan, sai ƙofa ta buɗe. A ran nan kaɗai ta koyi kalma wajen 30. A 1904 ta gama karatun jami'a. Malamarta ta zauna tare da ita shekara 49, har ta rasu a 1936, Helen kuwa duk rayuwarta da Malama ta ke kiranta, a 1955 kuma ta fitar da littafi sukutum a kanta. Godiyan nan babba ce, amma ina tsammani ladan An Suliban ya riga ya shiga hannunta tun a bakin famfon nan, shekaru da yawa kafin a buga littafin.

Lada na biyu, mai koyar da baƙon harshe ya kan sāke ganin nasa da sabon ido. Ba ka sanin Hausa tana da ƙa'ida sai ran da ka jera ta kusa da wani harshe. Nan za ka lura gari da a ke zama ciki da gari da a ke tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya, jan wasali ne ya raba su. Nan za ka ga baki na cin abinci, da baƙi na launi, da baƙi masu zuwa daga nesa, ka tuna Baturen da ke koyon Hausa shi ma gumi ya ke yi kamar yadda ka ke yi da though da through. Malamin da ya gaya wa yaransa haka ya cire musu rabin kunya, ya kuma nuna musu harshensu ba bawan wani harshe ba ne.

Lada na uku shi ne ganin amfanin abin a cikin gari. Yarinya ta koma gida ta karanta wa uwarta abin da aka rubuta jikin kwalbar magani, cokali nawa, sau nawa a yini. Yaro ya duba takardar da a ke so ubansa ya dangwala wa hannu, ya ce baba dakata, abin da aka rubuta ba shi aka gaya maka ba. Gona ta tsira, ko rai ya tsira, malam yana can bai ma ji labari ba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ƙarshen ladan kuwa shi ne ran da tsohon yaronka ya fi ka, ya rubuta abin da kai ba ka iya rubutawa. A sauran sana'o'i wanda ya fi ka kishiya ne, amma uba da malami su kan yi murna in an wuce su.

Saura mu san irin godiyar da ta dace, don na san aljihun ɗan makaranta ba nauyi gare shi ba. Babbarta ba ta cin ko kwabo: ka yi gyaran da aka yi maka. Babu abin da ke karya zuciyar malami kamar ya ga kuskuren da ya ja wa layi makon jiya ya komo yau yadda ya ke. Sai kuma ka kiyaye abin da za ka yi da Turancin. Yaron da ya koyi kalma ɗari biyu, ya koma gida yana yi wa ubansa gwalangwaso da su, yana kiran mutanen garinsu jahilai, ya tozarta malaminsa, gama saboda irinsa ne waɗansu iyaye su ke ƙyamar boko, su ce malamin Turanci ya raba su da 'ya'yansu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ku tuna malaman nan da na ambata, ƙwarewarsu a Turanci ba ta sa sun raina Hausa ba. Da aka shirya gasar rubuta littattafai a Zariya a 1933, Abubakar Imam ya kawo Ruwan Bagaja, Tafawa Ɓalewa ya kawo Shaihu Umar, har yau kuwa ana karanta su. Mai harshe biyu kamar mai hannu biyu ne, wawa ne kaɗai zai yanke na dama don ya sami na hagu.

Bayan wannan, ka miƙa abin gaba. Bashin malami ba a iya biyansa ga malami, don ba ya bukatar ka koya masa A da B. Amma akwai ƙanenka a gida, akwai ɗan maƙwabci wanda ba a sa shi makaranta ba, akwai abokinka na aji wanda kalma ta ke maƙale masa a wuya. Ka zauna da ɗayansu da irin haƙurin da aka zauna da kai, ka hana a yi masa dariya. Daga bisani kuma, ka faɗa da bakinka. Na ce malami kada ya roƙa, ban ce ba ya so ba, shi ma ɗan Adam ne. Tun 1994 aka keɓe ran 5 ga Oktoba ta zama ranar malamai a duniya, amma ba sai ka jira ta ba. 'Yar wasiƙa mai layi biyar, wadda ka faɗi abu guda takamaimai da ya koya maka, ta fi doguwar waƙar yabo. Malamai da yawa su kan ajiye irin takardun nan a ƙasan akwati tare da takardun shaidarsu, in aiki ya yi ɗaci su ɗauko su duba. Kada ka ce sai na zama wani abu tukuna, gama rai ba ya jiran kowa.

Ga hukuncin gardamarmu ke nan, iyakar ganina. Albashi hakkin malami ne a kan Hukuma, a biya shi cikakke kan lokaci. Godiya wajibi ce a kan yaro, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Malami kuwa ya yi aikinsa kamar ba za a gode masa ba, in godiya ta zo ya karɓa hannu biyu, in ba ta zo ba bai yi hasara ba, don ya riga ya ga idon yaro ya buɗe. Allah ya ba malamai haƙuri, ya ba yara basira, ya raba mu da butulci. Haza wasalamu.